Zamanin ƙwallo huɗu da akwatin rile

Ruwa ba ya hawa tudu, ƙazantar gari kuwa ruwa ce. Duk birnin da ya binne bututu ya ce bahaya da ruwan wanka da na wanke-wanke su bi ta ƙarƙashin ƙasa, akwai inda gangara za ta ƙare masa: ko a bakin kogi, ko a unguwar da ke cikin kwari, ko inda bututun ya yi zurfin da ƙarin haƙa ya zama asarar kuɗi. A irin wannan wuri ake gina rijiyar kankare, ƙazanta ta taru a ciki, famfo ya ɗaga ta sama ta ci gaba da gangarawa. Samun famfon bai taɓa zama babbar matsala ba. Abin da ya daɗe yana cin ran injiniyoyi shi ne wanda zai tayar da shi ya kuma kashe shi da ƙarfe uku na dare, ana tsuga ruwan sama, ba kowa a wurin.

Da fari dai mutum ne. Bayan warin da kogin Thames ya yi a bazarar 1858, wanda ya kai ga hana 'yan majalisar Ingila sakat a zaurensu, aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina wa Landan manyan magudanai. A 1865 aka buɗe tashar Crossness da injinan tururi huɗu, kowanne an raɗa masa sunan wani daga gidan sarauta, kowanne kuma ƙafarsa mai juyawa ta kai nauyin tan 52. Tashar Abbey Mills ta biyo baya a 1868 da injina takwas. Waɗannan tashoshi ba sa barci, saboda mutanen cikinsu ba sa barci: masu zuba gawayin kwal, masu shafa mai, da direban inji da idonsa ke kan ma'aunin ruwa. Ruwa ya ƙaru, a ƙara inji. Ya ragu, a rage. Wannan ya dace da katafariyar tasha guda, amma ba garin da zai iya ɗaukar ma'aikata dare da rana ga kowane ƙaramin rami da ke lungu.

Wani injiniya mai suna Isaac Shone ya kawo mafita ta farko da ta karɓu, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Tukunyar ƙarfe ce rufaffiya, ƙazanta na shiga har ta cika, sai wani abu mai iyo a cikinta ya buɗe bawul, matsattsiyar iska ta shigo ta tura komai waje, bawul ya rufe, a sake sabon lale. An girka irinta a ƙarƙashin ginin majalisar Ingila a shekarun 1880, an kuma shimfiɗa ta a birnin Rangun na ƙasar Bama. Babu lantarki a tukunyar ko kaɗan, amma dabarar da za ta mulki wannan fanni shekara ɗari ta riga ta bayyana: a bar ruwan da kansa ya ba da umarni.

Da moton lantarki ya karɓi aiki, sai aka riƙa rataya ƙwallon tagulla a sanda ko a sarƙa, yana hawa yana sauka tare da ruwa, yana buga makunni a sama. Sanda kan lanƙwashe, sarƙa kan yi tsatsa, amma ana tafiya. Babban sauyi ya zo daga Suwidin. A 1947 Sixten Englesson na kamfanin Flygt ya ƙera famfon da ake nutsar da shi cikin ruwa da motonsa duka, a 1956 kuma kamfanin ya fito da irinsa na ƙazanta, wanda ake zurarawa cikin rijiya a zaro shi ba tare da mutum ya shiga ba. Daga nan tashar ƙazanta ta tashi daga gini mai ɗakuna ta koma rami mai murfi, da akwatin ƙarfe tsaye a gefensa. Wannan akwati da ƙwallayen da ke reto a ƙarƙashinsa su ne abin da nake son mu waiwaya.

Ƙwallon na wannan zamani ba ya buƙatar sanda. Roba ce mai siffar gora, a rataye da wayarta. Idan babu ruwa yana reto kai ƙasa. Ruwa ya taso ya ɗaga shi, sai ya kishingiɗa. A cikinsa akwai 'yar kwalba mai ɗigon zaiba, da ya karkata sai zaibar ta gangara ta haɗa bakin waya biyu. Shi ke nan aikinsa. Bai san zurfin ruwa ba, bai san gudunsa ba, abu biyu kawai ya iya faɗa: ruwa ya iso ni, ko bai iso ni ba.

Rile kuwa makunni ne da wuta ke kunnawa maimakon yatsa. Siririyar waya ce aka nannaɗe a jikin ɗan ƙarfe. Wuta kaɗan ta bi ta cikinta ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan harshe, harshen ya haɗa wata hanyar wutar daban. Tun zamanin wayar tangarahu ake amfani da shi. Kwantakta babban wansa ne, mai kaurin harsuna, shi ke ɗaukar wutar layi uku ya kai wa moto. Saboda haka ƙwallo ya raɗa wa rile, rile ya gaya wa kwantakta, kwantakta ya buga, famfo ya tashi. Wutar da ke sauka zuwa ƙwallayen cikin rijiyar ƙarama ce ƙwarai, sau da yawa bolt 24 ko ƙasa da haka, domin iskar da ke taruwa a ramin ƙazanta tana iya kamawa da tartsatsi ɗaya.

Tashar da ke da famfo biyu, wadda ita ce ta fi yawa a duniya, ƙwallo huɗu ake rataya mata, kowanne sama da ɗan'uwansa. Na can ƙasa na kashewa ne. Na biyu yana tayar da famfo ɗaya. Na uku yana kiran famfo na biyu ya kawo ɗauki idan ɗaya ya kasa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu ba ruwansa da famfo, shi jiniya yake kunnawa da jar fitilar da ke bisa akwati, don duk mai wucewa ya san an kusa ambaliya.

Mai koyo yakan tambaya, me ya sa ba za a bar ƙwallo ɗaya ya kunna ya kuma kashe ba? Amsar ita ce zuciyar sana'ar. Da ƙwallo ɗaya, famfo na tashi ruwa zai sauka da ɗan yatsa, ƙwallon ya saki, famfo ya mutu, ruwa ya dawo, ya sake tashi, haka ba iyaka. Moto kuwa a lokacin tashi yana zuƙar wutar da ta ninka ta tafiyarsa kusan sau shida, kuma kowane tashi zafi yake bari a jikin wayarsa. Moton da ake yi wa haka ba ya ganin ƙarshen wata. Dabarar da aka yi ita ce a sa rile ya riƙe kansa. Ƙwallo na biyu ya ba shi wuta, ya fizgo harsunansa. Ɗaya daga cikin harsunan sai ya buɗe masa wata hanyar wutar da ta bi ta ƙwallon ƙasa. Yanzu ko ƙwallo na biyu ya saki, rile na nan riƙe, famfo na ta aiki, har sai ruwa ya sauka ƙasa da ƙwallon kashewa ya yanke wannan hanya. Da 'yar waya guda da harshe guda aka ba ƙarfe ikon tuna cewa an umarce shi da aiki. Har yau ban ga dabarar lantarki mai araha da ta fi wannan kyau ba.

Tazarar da ke tsakanin ƙwallon kashewa da na tashi ma ba da ka ake sa ta ba. Famfo ya fi yawan tashi da mutuwa sa'ad da ruwan da ke shigowa ya yi daidai da rabin abin da yake iya ja, kuma daga nan aka samo ƙa'idar: a ninka ƙarfin famfo da lokacin da ake so tsakanin tashi da tashi, a raba gida huɗu. Famfo mai jan lita 20 a daƙiƙa, wanda ba a so ya tashi fiye da sau 10 a awa, yana da daƙiƙa 360 tsakanin tashi biyu. 20 sau 360 a raba huɗu ya ba da lita 1,800. Wannan ruwa ne ya kamata ya kasance tsakanin ƙwallayen biyu. A rage shi, moto ya sha wuya. A yawaita shi kuma, ƙazanta ta daɗe a kwance ta ruɓe, wari ya dami unguwa. Shi ma ƙwallon ƙasa ba a sauke shi har gindin rijiya, domin famfon da ke nutse ruwan da ya rufe shi ne ke sanyaya shi, kuma in ya fara shaƙar iska aikin banza yake yi.

Sai batun wanda zai fara. Idan kullum famfo ɗaya ne ke amsa kira, shi zai tsufa, ɗayan kuma ya zauna har laka ta daskare a bututunsa, tsatsa ta kama shi, ranar da aka neme shi ya ƙi motsi. Don haka aka shigo da rilen karɓa-karɓa, mai raba musu aiki kamar yadda ake rabon girki tsakanin kishiyoyi: wanda ya yi wannan zagaye ya huta a na gaba. Tsofaffin irinsa da ɗan haƙorin ƙarfe suke aiki, duk sa'ad da famfo ya tsaya sai haƙorin ya matsa taki ɗaya, ka ji ƙas. Ba kowa ne ya yarda da wannan adalci ba. Akwai injiniyoyin da ke cewa famfuna biyu da aka saya rana ɗaya, aka kuma raba musu aiki daidai wa daida, lokaci ɗaya za su gaji, don haka gara a fifita ɗaya. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, amma ni ina tare da masu karɓa-karɓa, saboda famfon da ke tashi kullum ka san yana da rai, wanda ke zaune kuwa zato kawai kake yi.

Da an kai famfo uku ko huɗu, akwati ya fara cika. Kowane ƙarin famfo na neman ƙwallonsa, da rilensa, da kwantaktansa, da mai tsaron lodinsa, wato rilen da ke jin zafin wutar da moto ke ja ya yanke ta idan tsumma ya shaƙe famfo. Karɓa-karɓar ma sai ta zama zagaye: na ɗaya, na biyu, na uku, a dawo. Sannan a yi wa tsarin hanyar tsallake wanda ya lalace ko wanda aka zare don gyara, kada layi ya zo kansa a tsaya ana jiran matacce. Kowane famfo da maɓallinsa mai matsayi uku, hannu, kashe, da kai-da-kai, da kuma ɗan agogon da ke ƙirga awannin aikinsa.

Akwai rile biyu da duk wanda ya rayu da wutar NEPA zai san darajarsu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na farko rilen jinkiri. Wuta ta ɗauke awa uku, rijiya ta cika, ƙwallaye duka sun kishingiɗa. Wuta na dawowa famfunan za su so tashi a tare, kowanne na zuƙar ninki shida, janareta ya durƙusa ko fiyus ya tashi. Rilen jinkiri ke sa su tashi ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan daƙiƙoƙi. Na biyu mai tsaron layi. Idan layi ɗaya cikin ukun ya ɗauke, moto zai yi ta gurnani har ya ƙone. Idan kuma aka sauya wa layi biyu wuri, kamar yadda kan faru bayan gyaran tiransifoma ko haɗa sabon janareta, famfo zai juya da baya, yana ƙara kamar mai aiki alhali ruwan da yake ja bai taka kara ya karya ba. Wannan rile ke hana kwantakta bugawa sai layukan sun cika kuma suna kan tsari.

Garuruwanmu galibi da shadda da sokawe suke rayuwa, motar kwasa ta zo in an cika. Abuja ce ke da manyan magudanan da ke gangarawa zuwa matatar Wupa. Amma ramin famfo biyu yana nan a manyan asibitoci, da otal-otal, da gine-gine masu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da masana'antu. Ƙwallon kansa kuwa ya shiga gidaje da yawa: shi ne ke cikin tankin sama yana kashe sumo idan tanki ya cika.

A bayan wata masana'anta na taɓa ganin yadda ake gwada irin wannan akwati. Dattijon mai gyaran wuta ya buɗe ƙofar, ga takardar zanen wayoyi manne a bayanta ta yi ja don tsufa, layi biyu a tsaye da layuka a kwance tsakaninsu, abin da masu sana'ar ke kira zanen tsani. Yaronsa na bakin rami, ya toshe hanci da gefen riga, riƙe da doguwar gora mai ƙugiya.

"Ɗago na ƙasa."

"Na ɗago, maigida."

Shiru, ba abin da ya motsa, kuma haka ya kamata.

"Riƙe shi, ka ɗago na biyu."

Ɗan rile ya ce ƙit, kwantakta ya amsa da ƙarfi, ƙasa ta ɗauki rawa a tafin ƙafa. Dattijon ya sa aka saki na biyu, famfo bai tsaya ba. Aka saki na ƙasa, ya tsaya. Aka sake, sai ɗayan famfon ya tashi. Bai taɓa waya ko ɗaya ba, da kunne ya gama binciken. Da wani abu ya ƙi, zai ɗora yatsa a kan zanen ya bi layin daga hagu zuwa dama har inda wutar ta tsaya, kuma kayan da zai musanya ana samunsu a shagon kayan wuta na cikin gari.

Kada dai daɗin waiwaye ya sa mu manta da wahalar. Ramin ƙazanta mugun wuri ne ga duk abin da ke motsi. Kitse da maiƙon kicin kan daskare a jikin ƙwallo har ya yi nauyin da ba zai kishingiɗa ba. Tsumma da leda da audugar mata kan nannaɗe wayoyi su ɗaure ƙwallo biyu wuri ɗaya. Ƙwallon ƙasa ya maƙale a sama, famfo ya ƙi tsayawa ya yi ta juyi a busasshen rami. Harsunan kwantakta kan narke su manne. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kan bi bututun waya ta hau cikin akwati ta mai da tagulla baƙa ƙirin, ita ce kuma ke kashe mutumin da ya sauka ramin ba tare da kariya ba, sau da yawa har da wanda ya bi shi ceto. Ita zaibar ma guba ce. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa makunnai masu zaiba cikin kayan da ƙasashe suka amince su daina ƙerawa, shi ya sa ƙwallayen yanzu ɗan ƙarfe ne ke gangarawa a cikinsu ya danna makunni. Babban aibin akwatin kuwa shi ne bebantaka. In ba wani ya ga jar fitila ya kai labari ba, sai ƙazanta ta fito titi a sani.

Magajinsa daga masana'antar mota ya fito. A 1968 kamfanin General Motors na Amurka ya nemi na'urar da za ta maye gurbin dubban rile da ke layukan haɗa motocinsa, Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera Modicon 084, kakan ƙananan kwamfutocin sarrafa inji da ake kira PLC. Abin lura, da zanen tsani aka ci gaba da rubuta mata umarni, don masu gyaran wuta su iya karantawa. Sannu a hankali ta iso tashoshin ƙazanta, tare da ma'aunan da ke faɗin zurfin ruwa santimita bayan santimita, wasu da nauyin ruwan, wasu da amsa-kuwwar sauti daga sama ba tare da sun taɓa ƙazantar ba. Aka samu na'urar rage wa moto gudu ko ƙara masa, aka samu tasha na aika saƙo ofis da kanta. Yau ana sauya tsayin da famfo zai tashi da danna maɓalli, ba sai an leƙa rami ba. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne bai taɓa kankare kitse daga jikin ƙwallo ba.

Sai dai sabon tsarin ya zo da nasa ƙofofin. A shekarar 2000, a yankin Maroochy na jihar Queensland a Ostareliya, wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya girka na'urorin, wanda hukumar yankin ta ƙi ɗauka aiki, ya riƙa yawo a mota da kwamfuta da na'urar rediyo yana aika wa tashoshin famfo umarnin ƙarya. Kimanin lita 800,000 na ƙazanta ta malala cikin wuraren shaƙatawa da rafuka da harabar wani otal, kafin a kama shi a ɗaure shi shekara biyu. Akwatin rile ba ya karɓar umarni daga iska. Wanda zai ɓata shi sai ya zo da ƙafarsa ya fasa kwaɗo. Wannan na cikin dalilan da suka sa tashoshi masu kyakkyawan tsari har yau ke barin ƙwallo ɗaya ko biyu a can sama, da rilensu daban wanda bai bi ta kwamfuta ba, don idan ma'auni ya yi ƙarya ko kwamfuta ta daskare a samu mai tayar da famfo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma zumar ma sai an duba ta. Ranar 9 ga Fabrairun 2017, ana tsakiyar ruwan sama mai ƙarfi, matsalar lantarki ta tsayar da famfunan fitar da ruwa a matatar West Point da ke Seattle a Amurka. Ƙwallayen da aka dogara da su su sanar da cikar tankuna suka ƙi aiki, saboda sandunansu sun lanƙwashe. Ruwa ya mamaye matatar, ya cinye injina da kayan wuta, kuma a cikin watan an saki kimanin galan miliyan 235 na ruwan da ba a tace ba cikin mashigin tekun Puget. Matata ce ta zamani a ƙasa mai arziki, abin da ya kayar da ita kuwa bai wuce abin da yaro mai gora da ƙugiya ke ganowa ba.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da alhakin irin wannan rami a asibiti ko makaranta ko masana'anta, aka kuma zo maka da sabon akwati mai allo da kwamfuta, ka karɓa, amma ka ce a bar maka ƙwallon sama da rilensa a kan hanyar wuta tasu daban. Ka sa a manna zanen wayoyin a bayan ƙofa. Kowane wata a ɗago ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya daga bakin rami, a wanke su, a ji famfo ya tashi, a ji jiniya ta yi kuka, kuma kada ka bar kowa ya sauka ciki don yin wannan aiki.